Kitson da Na Hana a Gyara

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba zan jira ku ce ta zo mu ji ta ba. Ta riga ta zo tuntuni, ta zauna mini a ƙirji tun kafin a haifi iyayen waɗanda za su karanta ta. Abin da ya tashe ta kuwa mota ce. Kwanan baya wata doguwar farar mota ta tsaya bakin unguwarmu da hantsi, aka ce mutanen wata ƙungiya ne suka zo ɗaukar marayu da ɗiyan riƙo, za a kai su Yamai su ga kogi, su ga namun daji cikin keji, su kwana can a maido su washegari. An sa musu riguna iri ɗaya, suna wata waƙa da Faransanci wadda ban ji ko kalma guda cikinta ba. Ina zaune bisa tabarma ƙofar gida ina kallo. Da motar ta fara motsi sai ga wata maƙwabciyarmu, wadda ɗiyarta ta fari ke riƙo hannun kakarta, ta biyo motar da gudu, mayafi na jan ƙasa, tana kiran sunan yarinyar da ƙarfi, tana ce mata kada ta manta ta sha ruwa. Yarinyar ta leƙo ta taga ta amsa. Babu wanda ya waiwaya, babu wanda ya riƙe baki. Ni kaɗai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a gadon baya.

A zamaninmu ba a yin haka a ƙasarmu ta Kurfai. Ɗan fari abin kunya ne ga uwarshi. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta yi mishi wasa gaban mutane, ba ta kallon idonshi, in ya faɗi ya fasa baki sai ta jira wata ta ɗaga shi. Da an yaye shi kuma dangi ke zuwa su ɗauke. Wadda ta fi kowa iya wannan kunya ita ake yabo, a ce an haife ta a gidan mutunci. Ni ɗiyar fari ce. Ranar da aka cire ni daga nono, yayar mahaifina ta goya ni ta tafi da ni ƙauyensu, can cikin kwari tsakanin Filinge da Bonkuku, inda rijiya ba ta da zurfi, goriba kuma ta fi mutane yawa. Gwaggo nake ce mata, haka kowa ke ce mata har tsofaffin da suka girme ta. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma gidanta bai taɓa rasa yara ba. Lokacin da nake ba ku labarinshi mu huɗu ne hannunta. Mahaifina ya tafi Kumasi neman abin biyan lanho, wato harajin Nasara, in ya leƙo gida sai ya sake komawa, mu dai sai saƙon gaisuwa. Mahaifiyata tana can arewa bayan tudu, tafiyar kwana biyu a ƙasa. Ban san fuskarta ba. Na san dai tana da rai, kamar yadda mutum ke sanin akwai Makka.

Ba zan ce Gwaggo ta wahalshe mu ba, Allah shi ji ƙanta, amma aiki ne muka yi. Ba a jin ƙarar injin niƙa a lokacin, turmi ne ke tashin gari. Wannan gida ya fara, wancan ya amsa, kafin rana ta fito duk ƙauyen ya ɗauki lugude, har kana iya gane matar da ke fushi da mijinta daga saukar taɓaryarta. Daga daka sai rijiya, daga rijiya sai itace. In damina ta yi nisa a kai mu gona korar tsuntsu, mu wuni muna ihu muna kaɗa gwangwani har murya ta dushe. Da rani mu shiga kwari yankan kaba, hannuwa duk tsaga. Ɗan riƙo ba ya cewa ya gaji, don bai san wa zai faɗa wa ba. Yaran yanzu in an aike su sai sun tambayi dalili. Mu ko inuwar Gwaggo muka gani ta motsa mun miƙe.

Sai dai Gwaggo tana da wata al'ada tata wadda ban ga kowa na yi ba. In an gama kaka, an ɗaure dammuna, gero ya shiga rumbu, takan zaɓi wata Lahadi ta ce ranar ɗiyanta ce. Takan ce yaron da ya yi wa gidan da ba nan aka binne cibiyarshi ba aikin shekara guda, dole a ba shi wuni ɗaya wanda ba mai aikenshi. Tun ana sauran kwana uku za a kira mai kitso, a ƙunsa mana lalle, a fito da zannuwan saƙi daga cikin tukunyar da take ajiye su, suna warin hayaƙi da kanumfari. Ranar kuwa ita ke ɗaukar gorar ruwa, ita ke korar jaki, in ƙaya ta soke ɗayanmu ita ke durƙusawa ta cire. Mu namu tafiya da tsalle, da jifar magarya, da gwigwiyar goriba har haƙora su yi ja. Kasuwar Filinge muke nufa. A bakin kasuwar akwai wani babban gawo, nan take shimfiɗa tabarma, ta saya mana ƙosai da rake da alewa, ta bar mu mu je kallon raƙuman Buzaye da shanun Fulani, mu bi masu kalangu, mu tsaya bakin hanya ko Allah zai sa motar kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ta wuce mu shaƙi warin hayaƙinta. Abin da ba a faɗi, amma kowa ya sani, shi ne a ƙarƙashin gawon nan iyaye ke zuwa ganin ɗiyansu. Kowace shekara uwayen sauran ukun na zuwa. Tawa ba ta taɓa zuwa ba.

Cikinmu akwai Kuluwa, ɗiyar ƙanwar Gwaggo, wato taubashiyata, don haka tana da ikon ta faɗa mini duk abin da ta ga dama, ni ma haka. Ina ce mata baiwata, tana ce mini mai kan tulu. Ita ba ɗiyar fari ba ce, ta huɗu ce, kuma sai da ta yi wayo aka kawo ta. Uwarta na aure a garin da tawa take. In uwar Kuluwa ta zo sai ta rungume ta, ta duba mata kunne, ta zage ta a kan ƙazanta, ta tura mata ƙosai a baki. Ni ina gefe ina tsotson rake, ina yi kamar raƙuma nake kallo. Zagin nan ma shi na fi kwaɗayi.

Shekarar da haƙorana na gaba suka gama fitowa, ana cikin yi mini kitson tafiya, sai Gwaggo ta ce da mai kitson, ba da ni ba, ta ja hannu da kyau don bana matar ƙanenta za ta zo kasuwa. Mai kitso ta ja har na ji fatar goshina ta tashi, na daure. Kwana ukun nan ban san abin da na ci ba. Na tsare Kuluwa bayan rumbu na ce ta faɗa mini kamanninta, ta ce sai na yi mata dakanta na gobe. Na yi. Ta ce uwata na da ido biyu da hanci ɗaya, ta ruga. Abin da nake so bai da yawa. Ina so ta dube ni, ta kira ni, ko da zagi ne. Na san maganar kunyar ɗan fari, na sha jin mata na yi, amma yadda yaro ke jin maganar mutuwa nake jin ta, abin wasu mutane ne can. Na ɗauka wadda ta yi tafiyar kwana biyu ba za ta zo ta tsaya kunya ba.

Mun isa da hantsi, Gwaggo ta shimfiɗa tabarma. Uwayen ƙananan biyu suka zo suka ɗauke nasu. Rana ta fara zafi sai ga uwar Kuluwa, bayanta wata mace da naɗin tabarmi bisa kai, ta ja baƙin zane ta rufe rabin fuska. Kuluwa ta mintsine ni a cinya ta raɗa mini cewa ga tawa nan, mai tabarmi. Matar ta sauke kayanta bayan gawo, ta durƙusa nesa kaɗan da Gwaggo, kanta ƙasa, ta shiga gaisuwa. Murya gare ta ƙasa-ƙasa, kamar mai magana kusa da marar lafiya. Ta tambayi gida, ta tambayi maigidan Gwaggo, ta tambayi kaka da yadda gero ya yi. Ta tambayi Kuluwa da sunanta, ta tambayi ƙananan biyu da sunayensu. Ta tambayi awaki. Ta ce ta ji an ce jakin ya yi ciwon ƙafa, ko ya samu sauƙi. Ina zaune kusa da gwiwar Gwaggo, in ta miƙa hannu za ta taɓa ni. Gaisuwa ta ƙare, ta koma bayan itace ta zauna ta ba mu baya, ta fara warware tabarminta.

Kuluwa ta kawo baki kunnena ta ce, "Jaki ya fi ki daraja, mai kan tulu. Shi an tambaye shi."

Da wata rana ce da na cije ta. Ranar nan sai na yi dariya, don kada ta ga abin da ke idona.

To, a wannan Lahadi Nasara na da wani biki nasu, ban san na mene ne ba, an kafa tutoci a filin da ke gaban gidan kumandan, an ce a kawo yara a yi wasanni. Gwaggo ta ce mu je, ai ranarmu ce. Duk matan da ke ƙarƙashin gawo suka taso, har da mai tabarmi, tana can baya. Mun tarar samari na hawan wani dogon itace da aka shafe da mai, suna sulɓowa ana dariya. Sai tafinta, mai juya maganar Nasara zuwa tamu, ya yi shela cewa yanzu na 'yan mata ne: kowace za a ɗora mata ƙwarya cike da ruwa, a ruga daga nan zuwa wancan turke a dawo, wadda ta riga isowa da ruwanta ita ta ci. Ban tambayi Gwaggo ba, na tsinci kaina cikin layi. Ni da nake zuwa rijiya sau shida kafin azahar, in akwai abin da na iya a duniya shi ne wannan. Na ce a raina, in duk Filinge ta dube ni, ita ma dole ta duba.

Aka busa usur muka tashi. Ina jin ƙwarya na faɗuwa dama da hagu, ina jin Kuluwa na ihu tana cewa kan tulu ya yi rana. Ban zubar da ko cikin cokali ba sai wajen juyawa, inda gammona ya zame ya ja mini kitso, ɗauri biyu suka kwance. Na dafe da wuya na ci gaba. Na iso babu kowa gabana. Mata suka yi guɗa. Aka kai ni gaban rumfa inda matar kumandan ke zaune, fara sol, da hula kamar faifai. Ta riƙe kallabi mai furanni da sabulu guda mai ƙamshi, ta yi murmushi ta yi wata magana. Tafinta ya ɗan yi jim. Mutumin ƙasar nan ne, ya san abin da ke cikin irin wannan kira, amma ba a ɗauke shi aiki don ya yi shiru ba. Ya ɗaga murya ya ce Madam na son uwar yarinyar nan ta fito, ita za a danƙa wa kyautar da hannunta, a taya ta murna.

Ita Nasarar alheri take nufi, wannan na gane shi daga baya. Ni kuwa a lokacin ji na yi kamar Allah ne ya sa mata maganar a baki. Na juya na nemi baƙin zane cikin taro, na same shi. Matan da suka san mu suka fara waiwayenta suna 'yar dariya. Tafinta ya sake kira. Ina kallo ta kama bakin zanen ta ja shi har ya rufe fuskar duka, ta juya, ta ratsa ta bayan mutane ta fita daga fili. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce da ta gefenta, kin ga ɗiyar mutunci, ko gezau. Sai Gwaggo ta fito tana gyara ɗaurin ƙirji, ta ce ita ce uwar, ta karɓa da hannu biyu. Aka yi tafi. Ban ji tafin ba, sai daga baya Kuluwa ta ce mini an yi.

Da muka koma ƙarƙashin gawo tana nan inda take, ta ba mu baya, tabarminta uku ba a sayi ko ɗaya ba. Gwaggo ta zauna tana nuna wa mata kallabin, ana shinshina sabulu ana miƙa wa na gaba. Na zauna na haɗa kai da gwiwa. Can sai na ji muryar nan daga bayan itace, ba ta juyo ba, da Gwaggo take.

"Yaya, ɗiyarki ta iya ɗaukar ruwa."

Gwaggo ta ce ai rijiya ce ta koya mata. Sai mai tabarmi ta sake cewa, "Na ga kamar kitsonta ya kwance wajen gudu. In kin yarda a gyara mata, kada ta tahi gida hakanan."

Ku da kuke yanzu ba za ku san girman maganar nan ba, ni ma ranar ban sani ba. Mai kitso bayan mutum take zama. Ba ta ganin idonshi, ba sai ta kira sunanshi ba, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, ai aiki take yi wa yayar mijinta. Kuma kan yaro na bisa cinyarta, hannunta na cikin gashinshi, in ta so ta ja aikin har la'asar. Duk duniya wannan ƙofa kaɗai al'ada ta bar mata, ta kuwa lalubo ta. Gwaggo ta gane nan take. Ta dafa kafaɗata ta ce in tashi in je. Matar ta gyara zama, ta miƙe ƙafafu, ta ciro tsinken kitso daga gashinta, ta shimfiɗa gefen zanenta bisa cinya. Ƙafafun na gani, duk faso, jar ƙasar tudu ta shiga cikin tsagar. Na miƙe na tako har inda take. Na tsaya. Hannunta ya taso zai kama ni.

Na kauce, na ce da ƙarfi yadda duk matan za su ji, "Ni ban san ta ba. Baƙuwa ba ta taɓa mini kai."

Ko Kuluwa ba ta yi motsi ba. Hannun ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya sauka bisa tabarma, ya shiga shafa ta kamar mai neman inda saƙa ta ɓaci. Ta yi wata 'yar dariya, irin wadda ake yi in yaron wani ya yi ɓarna, ta ce, "Ta yi gaskiya, Yaya. Kin riƙe ta da kyau." Ta mayar da tsinken cikin gashinta. Ba a daɗe ba ta ce rana na yi, hanyarsu da nisa. Ta naɗe tabarmi biyu, ta bar ɗaya ta ce Gwaggo ta riƙa shimfiɗa wa yara. Ta yi sallama da kowa da sunanshi. Ina jin tafiyarta, na kafa ido ga tururuwar da ke jan ɓawon rake, na ƙi ɗagowa. Na ce yadda ba ta dube ni ba, ni ma ba zan dube ta ba.

A hanyar gida na jira duka, Gwaggo ba ta doke ni ba, ba ta zage ni ba. Tana gaba tana korar jaki, gorar ruwa a kafaɗa, don har yanzu ranarmu ce. Sai da muka hango goribar ƙauye ta tsaya ta bari sauran suka wuce, ta tambaye ni ko a garinmu babu kaba. Na ce akwai. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin mai hankali ta yi tafiyar kwana biyu, ga ciki wata shida, don ta sayar da tabarma uku a ƙasar da kowace mace ke saƙa tata. Ta ce da uwata ta fito gaban Nasara ta karɓi kallabin nan, kafin ta isa gida labari ya riga ta, har ta mutu ana nuna ta da baki, ni ma ana ce mini ɗiyar marar kunya. Ta ce, "Don ke ta ruhe huska." Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba.

Maganar ba ta shige ni ranar ba, sai a hankali, kamar yadda ruwa ke shiga sabuwar randa. Ina daka ina juya ta, ina jan guga ina juya ta. Kafin sanyi ya wuce na yanke shawara ni kaɗai. Na ce baɗi in an yi mana kitson tafiya, zan kwance ɗauri biyu da hannuna a hanya, in je in zauna gabanta in ba ta baya, ba sai kowa ya ce komi ba. Na faɗa wa Kuluwa, na jira ta yi mini ba'a. Ta ce in na kasa kwancewa ita za ta taya ni, ai ta daɗe tana son ta ja mini gashi. Har gwadawa muka yi bayan rumbu, ta zama uwata, ta ja zane ta rufe fuska tana tambayar lafiyar jaki, muka yi ta dariya har muka faɗi.

Da bazara ta tsaya sanƙarau ya shigo ƙasar arewa. Wata rana da azahar muna surfe a tsakar gida, wani mutum ya yi sallama bisa raƙumi, bai ko sauka ba don an hana mutanen can cuɗanya da kowa. Gwaggo ta fita, ta daɗe, ta dawo ta karɓi taɓaryar hannuna ta jingine. Ta ce in je in wanke hannu in zauna. Mahaifiyata ce ta rasu, ita da jaririn da ta haifa, kwana ɗaya tsakaninsu. Nasara sun tsare hanya, ba a je gaisuwa ba sai bayan ruwa ya sauka, kuma ba a tafi da yara.

Na tambayi duk wanda ya san ta yadda fuskarta take. Gwaggo ta ce doguwa ce, uwar Kuluwa ta ce ba ta da tsawo. Wata ta ce tana da wushirya, wata ta ce ba ta taɓa ganin haƙoranta ba. Kuluwa ta rufe ido ta yi ta ƙoƙari har ta yi kuka, ta ce ta ɓace mata. Babu hoto a lokacin sai na Nasara da sarakuna. Yanzu jikokina na ɗaukar fuskata cikin waya ko ina cin goro, su aika wa na Abijan kafin in haɗiye. Ni abin da na gada daga wadda ta haife ni shi ne ƙafafu masu faso, da murya, da hannu a sama. Ta zauna kusa da ni wuni guda, ni na ƙi ɗaga kai. Na yi shekaru in ana mini kitso sai in rufe ido in ce ita ce, har mai kitso ta yi magana ta ɓata mini. Yanzu gashin ma ya ƙare. Amma wani lokaci da tsakar rana, in gida ya yi tsit, nakan ji kamar an zauna bayana ana jira. Ba na waiwayawa. Na san in na waiwaya bango zan gani.

Za ku ce wadda ta sha wannan ba za ta shayar da wani ba. Haka ni ma na ɗauka. Aka yi mini aure, na haifi ɗana na fari, namiji, aka yaye shi, ƙanen maigidana ya ɗauke shi zuwa Filinge ya sa shi lakkwal, makarantar boko. Na ce ni zan bambanta. Amma ranar da ya fara zuwa hutu, ga uwar mijina zaune, ga matan gida, na buɗe baki sunan ya ƙi fita, kamar an ɗaure mini harshe da kaba. A ranar na san nauyin zanen da ta ja. Wata shekara ya ci jarrabawa, ya shigo da takardar a hannu, ya wuce kowa ya zo har bakin murhu ya miƙo mini, ni da ban san ko baƙi ɗaya ba. Na juya na buɗe tukunya, na tambayi matar da ke kusa ko an ba awaki ruwa. Ya tsaya kaɗan, ya ninke takardar ya fita. Na ga ƙeyarshi, na kuma san abin da ke cikin kan nan, don na taɓa ɗaukar irinshi daga Filinge har gida.

Yau shi ma ya yi furfura, ya bar aiki, yana Yamai, ciwon suga ya fara taɓa mishi ido. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa bakin ƙofa, in tambayi matarshi ko sun zo lafiya, shi ya amsa wa bango. Bai taɓa rage ni da komi ba. Sai dai ban sani ba ko an samu mai tsayar da shi a hanya ya yi mishi bayanin da Gwaggo ta yi mini. Ni kuma na taɓa jiran baɗi sau ɗaya.

Wadda ke rubuta mini wannan magana ɗiyarshi ce. Na ce in ta gama ta kai mishi tun idon na gani. Ta tambaye ni me za ta ce in ya tambayi dalili. Na ce ta ce tsohuwa ce ke son a duba ko rubutun ya yi daidai. In ya karanta ya yi shiru, ta fita ta ba shi wuri. In kuwa ya tambaya ko akwai saura, ta ce mishi tukunyar nan da na buɗe, babu komi cikinta.